Ciyawar filin golf da lokutan shekara a ƙasar Garwa

Yawancin abin da aka rubuta kan kula da filin golf an rubuta shi ne domin Turai da Amurka, inda sanyi ke kwantar da ciyawa. Mu a Garwa, a arewacin Kamaru, lissafinmu daban ne, domin ruwan da muke samu, kusan milimita 1,000 a shekara, yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba, sannan sama ta ɗauke har wata shida.

Irin ciyawar shi ne farkon magana. Wadda ke jure zafinmu ita ce kiri-kiri mai yaɗo, wadda ko ta bushe ta yi fari, saiwarta na nan da rai. A dandalin da ke kewaye da rami, inda ƙwallo ke gangarawa, ana aske ta har ta koma milimita 3 zuwa 4, a doguwar hanyar bugu kuma a bar ta ta kai 10 zuwa 15. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a aski ɗaya, wanda ke nufin da damina injin yanka ba ya hutawa.

A ganina aikin da ya fi kowane muhimmanci shi ne huda ƙasa, kuma lokacinsa farkon damina ne. Tafiyar mutane da nauyin inji suna danne ƙasa har ruwa ya kasa shiga, don haka ake bi da inji mai haƙora a zaro ƙananan curin ƙasa kamar ɗan yatsa, a cike ramukan da yashi mai laushi, a share da tsintsiya. Filin yakan yi muni na ɗan lokaci, 'yan wasa su yi ta gunaguni, amma ciyawa mai ƙarfin tsiro takan rufe wurin da wuri. Wanda ya yi wannan aiki da hunturu, lokacin da tsiro ya ja baya, zai daɗe yana kallon tabo. Damina kuma ita ke kawo aya-aya, wadda in ba a tono 'ya'yanta na ƙarƙashin ƙasa ba, cire ganyen ɓata lokaci ne.

Bazara ce jarrabawa, domin a Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga gara tana cin busasshen ƙaiƙayin da ya taru a gindin ciyawa. Yayyafa wa ciyawa ruwa kaɗan-kaɗan kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama. Gwamma a shayar sosai kafin asuba, a bar ƙasa ta ɗan sha iska. Waɗanda suka kalli gasar cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya na nan Garwa a farkon 2022 sun ga shar ɗin ciyawa a tsakiyar rani, to amma filin ƙwallon ƙafa bai kai hekta ɗaya ba, shi kuwa na golf mai rami 18 yakan ci hekta 50 ko fiye, don haka ruwan shayar da shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa a wasu filayen ƙasashe masu fari ake yin dandalin ramin da yashi da aka cuɗa da mai, a ja wani abu a kansa a daidaita shi kafin kowane bugu.