Kalma Ɗaya Ta Riƙe Min Aiki Yini Guda

Ina da wani aji (class) mai suna Akwati a C++, harshen rubuta manhaja, a cikinsa akwai fankshin na tamfilet, wato wanda ake rubutawa sau ɗaya ya yi aiki da nau'in bayanai daban-daban, da nake kira da `a.dauko<int>()`. Watanni yana aiki lafiya lau. Ranar da na mayar da fankshin ɗin da ke kiransa shi ma tamfilet, wato `template<class T> void duba(T& a)`, sai layin nan ya ƙi haɗuwa. GCC, kwamfailar da nake amfani da ita, wato manhajar da ke fassara abin da na rubuta zuwa yaren kwamfuta, ya ce yana jiran wani abu kafin `int`. Na ƙirga baka-baka, na duba kowace alama, ban ga aibu ba.

Da na gwada Clang, wata kwamfailar daban, sai ya faɗa min kai tsaye cewa in sa kalmar `template`. Gyaran ke nan: `a.template dauko<int>()`. Amma hankalina bai kwanta ba sai da na gane dalili.

Kwamfaila tana karanta tamfilet sau biyu ne. A karon farko ba ta san ko mene ne T ba, wato ainihin nau'in `a`, balle ta san `dauko` tamfilet ne ko wata lamba ce da aka ajiye a cikin ajin. Ƙa'idar harshen kuwa, tun C++98, ta ce in ba a gaya wa kwamfaila cewa tamfilet ne ba, ta ɗauki `<` a matsayin "bai kai ba". Ashe tana kwatanta `a.dauko` da `int` ne, shi ya sa ta cije.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wani layin can ƙasa, `a.dauko<0>(x)`. Wannan ko uffan ba ta ce ba a karon farko, domin yana karantuwa sarai: `a.dauko` bai kai 0 ba, sakamakon kuma ya fi `x`. Sai an zuba ainihin T kuskuren ke fitowa, da saƙon da ba ya nuna inda gizo ke saƙa.

Yanzu duk inda abin da ke hagun `.` ko `->` ko `::` ya dogara da T, kuma na rubuta `<` bayan sunan, ina sa `template`. Har da `this->template` idan ajin uwa, wato wanda ajina ya gada, ya dogara da T. In kuwa kwamfaila za ta iya gano nau'in daga abin da na miƙa, kamar `a.saka(5)`, babu `<`, babu buƙata, kuma da haka na fi son tsara fankshin ɗina yanzu in hali ya yi.