Ƙwayoyin hantar da ba na hanta ba ne

Ban daɗe da zama lakcara ba wani ɗakin gwaje-gwaje ya ba mu kyautar ƙwayoyin halittar da ake kira Chang, an rubuta "hanta" a jikin kwalbar. Hannu bibbiyu na karɓa. Aji bai taɓa ba ni wahala ba, darasin kwafar DNA da haɗa furotin na san shi kamar yunwar cikina. Abin da ke hana sabon malami barci bincike ne, domin maƙala ake ƙirgawa wajen ƙarin girma da neman tallafi.

A kan ƙwayoyin nan na ɗora ɗalibata ta digiri na uku, tana duba yadda hanta ke sarrafa wani magani. Ƙwayoyin na yaɗuwa da sauri, sakamako na fita tsaf, muna ta murna. Sai da muka tura maƙala mai tantancewa ya yi tambaya ɗaya tak: kun yi musu gwajin STR, wanda ke duba DNA don tabbatar da asalin ƙwayoyi?

Muka yi. HeLa ne.

Wato ƙwayoyin sankarar bakin mahaifar da aka ɗiba daga jikin wata mata mai suna Henrietta Lacks a Baltimore ta Amurka a 1951. Ƙarfin yaɗuwarsu ya kai idan 'yan kaɗan suka faɗa wata kwalba ta bakin fifet, ɗan bututun da ake zuƙo ruwan gwaji da shi, sai su mamaye ta. Saurin girman da muke yabawa, ashe shi ne alamar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya har yau shi ne maganar ba sabuwa ba ce. Tun 1966 masanin ƙwayoyin gado Stanley Gartler ya faɗakar cewa HeLa ya gurɓata ƙwayoyi da dama da ake tsammanin na wasu gaɓoɓi ne. Chang na cikin jerin ƙwayoyin bogi na kwamitin ICLAC mai tantance asalin ƙwayoyin gwaji, tare da wasu irinsu kamar HEp-2 da KB. Amma duk shekarun da na yi ina karatu, an koya mini PCR, wato dabarar ninka DNA, an koya mini rubuta takardar neman tallafi, ba wanda ya zaunar da ni ya ce kada ka yarda da rubutun jikin kwalba. Waɗanda suka ba mu ma ba mugunta suka yi ba, haka suka gada.

Ranar da na gaya wa ɗalibata, ba ta ce uffan ba. Ta buɗe littafin gwajinta tana juya shafuka, aikin da babi biyu na kundinta suka dogara a kansa. Ta sake shi daga tushe da ƙwayoyin hanta na HepG2 da aka tantance, ta kuma kammala, alhamdulillahi, sai dai a makare, tallafinta ya riga ya ƙare.

Yanzu duk ƙwayar da ta shigo ɗakina, ko daga hannun babban farfesa ta fito, gefe ake keɓe ta. A duba sunanta a Cellosaurus, rumbun bayanan ƙwayoyin gwaji na intanet, a yi STR, a gwada ko ƙwayar cutar maikofilazma ta gurɓata ta, sannan ɗalibi ya taɓa. Tarihin HeLa kuwa na mayar da shi lacca ta farko ga masu digiri na biyu, kafin ma su sa rigar ɗakin gwaji.