Talata: allurar da ta ƙi tashi

Yau hunturu ya sauko Bauchi da gaske. Bayan asuba ko Dutsen Warinje ba a hangowa saboda hazo. Na fito kai yara makaranta, ƙaramar tana ta karkarwa a kujerar baya, ta ce, "Baba, kunna mana abin ɗumin nan." Na murɗa hita har ƙarshe. Iska mai sanyi ta yi ta buso mana tun daga Yelwa har muka wuce Wunti. Na leƙa allurar zafi, tana kwance a ƙasa kamar ba a tayar da injin ba.

Gaskiyar magana, shekara biyu ke nan ina alfahari da wannan allurar. Duk wanda ya tambaye ni lafiyar Corolla ɗina 'yar Kwatano, amsata ɗaya ce: motata ba ta san zafi ba. Ko a watan Afrilu, lokacin da kwalta ke narkewa, da ƙyar allurar ke ɗagowa. Makon jiya ma da nake dawowa daga Jos, a gangaren wajen Toro, ɗan abin da ta ɗaga sai ya koma ƙasa, ni kuwa har murna nake. Man da take sha ne kaɗai ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kowa ya koyi ƙirga lita, ni kuma lissafina ya ƙi fita. Uwargida har ta fara zargin ko ina da wata unguwar da nake zuwa ban faɗa ba.

Da hantsi na nufi garejin wani matashin bakanike da abokin aikina ya daɗe yana yi mini tallarsa. Ban je wurin tsohon bakanikena ba, kuma da dalili. Yaron ya ce sai injin ya huce sarai, don haka na zauna kan benci na sha shayi kofi biyu. Da ya gamsu, ya buɗe bonet, ya ce in saka makulli. Ko tayarwa ban yi ba fanka ta hau juyawa. Ya dube ni.

"Alhaji, wa ya haɗa maka fanka kai tsaye?"

Na ce wanda ya gyara mini ita lokacin da ta taɓa tafasa a hanyar Dass. Ya yi murmushi bai ce komai ba. Ya sa na tayar, ya kama hannuna ya ɗora kan babban tiyon da ke shiga lagireto ta sama. Ba a yi minti uku ba na ji ya fara ɗumi-ɗumi, a hankali, kamar ruwan wankan jariri. Ya ce ga shaida ta farko. A mota mai lafiya, lagireto zai zauna da sanyinsa na ɗan lokaci, ruwa yana ta kewaya cikin injin kaɗai, sai zafi ya kai inda ake so, sannan a tashi ɗaya ka ji tiyo ya ɗauki zafin da ba ka iya riƙewa. Idan ya fara ɗumi tun farko, to tamostat, wato 'yar ƙofar da ke tare ruwa tsakanin injin da lagireto, a buɗe take, ko kuma babu ita ma.

Ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, muka zaga gari kusan minti ashirin. Zafin ruwa bai wuce digiri 60 ba. Ga kuma wata lamba da ta fito, P0128, wadda ya ce ma'anarta injin ya kasa kaiwa zafin da ya kamata. Ban yarda nan take ba, na ce ko na'urar auna zafin ce ke ƙarya? Ya ce tambaya ce mai kyau, yana faruwa. Ya ɗauko wata 'yar bindigar auna zafi irin ta lokacin korona, amma ta injin, ya haska jikin ƙarfen. Lambar ta zo kusan ɗaya da ta farko.

Sai ya zubar da ruwan, ya kwance noti biyu a inda tiyon ƙasa ke haɗuwa da injin. Wayam. Gurbin tamostat babu komai sai tsatsa.

Nan ne ya zaunar da ni ya yi mini karatu, kuma na ji daɗinsa. Ya ɗauko sabo daga kwali, ɗan abu ne da bai cika tafin hannu ba, da sifirin a jikinsa, an buga 82 a gindinsa. Ya ce a cikinsa akwai kakin da ke narkewa ya kumbura idan ruwa ya kai wannan zafin, sai ya tura ƙofar ta buɗe. Wajen digiri 95 ta buɗe gaba ɗaya. Ruwa ya huce, sifirin ya mayar da ita. Ya sa yaronsa ya karɓo tafasasshen ruwa wurin mai shayi, ya jefa shi a gwangwani. Ina kallo bakin ya buɗe kamar na ɗan tsako. Ya tsamo shi, ya rufe a hankali.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bayanin man. Ƙwaƙwalwar motar, muddin ta ga injin da sanyi, ɗauka take yanzu aka tayar, sai ta yi ta ƙara fetur. Wato shekara biyu motata tana zaton kullum asuba ce. Ya ciro fulogi ɗaya, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya buɗe murfin baƙin mai, ga wani dattin kitse-kitse a ciki. Ya ce tururi da ɗanyen fetur da ke sauka cikin baƙin mai ba sa ƙonewa su fita sai injin ya yi zafi sosai, in ba haka ba su tsinka man, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe.

Na ce to ai ana cewa abin na ƙasashen ƙanƙara ne, mu nan zafi gare mu. Ya ce, "Alhaji, motocin da ake kaiwa Saudiyya sababbi ma da shi suke zuwa. Mun fi su rana ne?" Na yi shiru.

Ba na son in zalunci tsohon bakanikena. Dattijo ne, kuma ranar da ta tafasa shi ya bar abincinsa ya zo ya same ni a bakin hanya. Abin da ya koya a wurin maigidansa ya yi. Amma asalin ciwon, kamar yadda muka gani yau, lagireto ne ya toshe da tsatsa, kuma laifina ne, don ruwan rijiya nake ɗura mata. Ruwan da ya fito ja wur kamar kunun kanwa.

Aikin ya ci har bayan la'asar. Aka wanke lagireto, aka saka tamostat da sabuwar robarsa, ɗan ramin fitar iska yana kallon sama. Mai gyaran wayar mota ya zo ya mayar da fanka kan tsarinta. Aka zuba ruwan lagireto mai launi na galan, aka bar murfi a buɗe har kumfar iska ta gama fita, aka canza baƙin mai da fulogi. Aljihuna dai ya ji jiki.

Na hau hanyar Jos don gwaji. Kafin in fita gari allura ta tashi, ta tashi, gabana yana faɗuwa, ƙafata har ta fara neman burki. Ta zo tsakiya ta tsaya cak. Na yi ta satar kallonta har Zaranda, ba ta motsa ba. Na faka, na ji fanka ta tashi da kanta, ta yi ɗan aikinta ta mutu.

Bayan isha'i ƙaramar ta dage sai ta ga ko abin ɗumin ya gyaru. Muka shiga mota a ƙofar gida ni da ita, na kunna. Ta kara tafukanta a bakin iskar, can ta ce in rage, ya yi yawa.