Abin da bin tsuntsu ɗaya ya koya min

Ido yana da son zuciya wallahi, wannan ne abu na farko da aikin lura da tsuntsaye a daji ya koya min. In ka zauna gaban garke, wanda ya fi surutu ko wanda ya kori ɗan'uwansa daga kan reshe shi idonka zai bi, sauran kamar basa wurin. Da yamma ka buɗe littafi sai kaga faɗa kawai ka rubuta, alhali yawancin wunin nan kiwo suka yi da gyaran gashi da hutawa a inuwa.

Maganin abin tun 1974 Jeanne Altmann ta tsara shi, ita birai take nazari a Amboseli ta ƙasar Kenya amma masu aikin tsuntsaye ma sun ɗauka. Zaka zaɓi tsuntsu ɗaya tak, ka saita agogo, ka bishi da madubin hangen nesa har lokacin ya cika, ko me sauran suke yi ba ruwanka. Da wuya fa! Ana dambe a gefenka kai kuma kana kallon wata da ta kumbura gashi tana gyangyaɗi. Amma a nan zaka fara ganin abin da ya fi faɗan muhimmanci, wa ke matsawa gefe in wani ya sauko tun ba a taɓa shi ba, wa ke jira sai an gama ci kafin ya kusanci abinci, wa ke gyara wa wani gashin wuya. Girma a cikin garke yawanci a irin wannan kaucewar yake bayyana, ba sai an kai ga sara da baki ba. Kuma duk wannan ba zai yiwu ba sai ka san kowa, shi yasa ake sa musu zobba masu launi a ƙafa, ja a kan shuɗi, fari a kan kore, da shi kake kiransu a littafi.

Wani abin da na riƙe sosai shi ne a rubuta abin da tsuntsu ya yi, dalili a barshi sai daga baya. "Ya hau kan itace, ya ɗaga kai, ya yi kira sau uku" wannan rubutu ne mai amfani. "Ya sadaukar da kansa yana gadin 'yan'uwa" kuma ra'ayinka ne. Dubi marigayi Amotz Zahavi, wani masanin dabbobi, tun shekarun 1970 ya fara bin wasu tsuntsaye masu zaman ƙungiya a Hatzeba, cikin hamadar Isra'ila, waɗanda ɗayansu kan hau sama ya yi gadi sauran suna kiwo a ƙasa. Shi a ganinsa neman daraja ne, mai gadi yana nuna ya isa. Daga baya Jonathan Wright da abokan aikinsa suka ƙara wa wasu daga cikin tsuntsayen abinci, a 2001 suka nuna wanda ya ƙoshi shi ya fi daɗewa a gadi. Tsuntsu iri ɗaya, wuri ɗaya, fassara biyu. Ni hankalina ya fi kwanciya da ta biyun don an gwada ta, amma ba zan raina mutumin da ya yi shekaru da shekaru yana zaune cikin rana da su ba.

Sai kuma wanda ba a cika faɗa wa sabon shiga ba, su ma fa suna kallonka. A 2006 John Marzluff na Jami'ar Washington a Amurka ya sa mutanensa suka rufe fuska da wani abin rufe fuska guda suka kama hankaki suka sa musu zobe suka sake su. Shekaru bayan nan duk wanda ya sa wannan fuskar hankaki binsa suke suna kuka a kansa, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba, a wurin 'yan'uwa suka koya. Don haka in da hali, mai kamu daban mai lura daban, kuma in zaka je lura ka sa kaya marasa haske iri ɗaya kullum, ka zauna a wuri ɗaya, kar ka fara rubutu sai sun koma kiwonsu.