Juma'a, 7 ga Yuni 2024: daren Emmy a falon Kaka

Sai wajen sha ɗaya da rabi na shigo gida, ƙafafuna kamar ba nawa ba, amma na ce sai na rubuta wannan kafin barci ya kwashe ni.

A ƙa'ida ƙarfe shida nake tashi daga aiki. Tun ranar Litinin 'yar Kaka ta roƙe ni in ƙara awa huɗu yau, wai uwarta ba za ta yarda ta kalli bikin Daytime Emmy, inda ake ba shirye-shiryen talabijin na rana kyaututtuka, ita kaɗai ba, ita kuma tana aikin dare. Ban ja ba. Babbar sallah saura kwana tara, kuɗin ragon da na yi wa Baba alkawari bai cika ba.

Kaka nake ce mata, tun tana tambayar ma'anarsa har ta saba tana amsawa. Shekararta 86. Wata takwas ke nan ina kula da ita a nan Bronx, cikin birnin New York: wanka, magani, girki, da zaman hira wanda shi ya fi komai yawa. Mantuwa ta fara cin ta. Yau da safe sau uku tana tambayata ko ta sha maganin hawan jini. Amma a tambaye ta wa ya auri wa, wa ya saki wa a garin Genoa City shekara arba'in baya, sai ta jero su tiryan-tiryan kamar maroƙi ya samu gidan sarauta. Garin ma na wasa ne, a wasan talabijin na The Young and the Restless yake, amma ita a wurinta unguwarsu ce.

"Labaraina" take kiran waɗannan wasannin. Sha biyu da rabi na rana a kunna mata wancan, ɗaya da rabi The Bold and the Beautiful, can gaba General Hospital. A tsakanin nan ko jikanta ne ya bugo waya sai dai ya jira. Da farko haushi abin yake ba ni: mutum ya mutu an binne shi, bayan shekara biyu ya dawo da wata fuska, a ce ai ba shi aka binne ba. Yanzu kuwa, Allah na tuba, ranar hutuna sai in kama kaina ina tunanin ko asirin wance ya tonu.

Tun la'asar ta tayar da hankalina. In gyara mata gashi, in ɗauko 'yan kunnenta na lu'ulu'u, in shafa mata jan baki. Na ce, "Kaka, a falo fa za mu zauna." Ta harare ni ta ce ba a zuwa biki da kayan barci.

Ƙarfe takwas tashar CBS ta fara nunawa daga wani otel a Los Angeles, karo na 51. Tun kafin a ba da kyautar farko Kaka ta fara mita. A da, in ji ta, a nan New York ake yi, a manyan zauruka irin Radio City, mutane su cika titi don ganin 'yan wasa. Wasannin rana sun fi goma a lokacin, a 2024 manyan saura huɗu, cikinsu ma Days of Our Lives ya bar akwatin talabijin ya koma intanet tun 2022. Ta lissafa min matattun da yatsu kamar mai ta'aziyya: Guiding Light, da ya faro a rediyo a 1937 ya ƙare a 2009, As the World Turns a 2010, All My Children a 2011. Ita ce ma ta taɓa gaya min dalilin da Amurkawa ke kiran su wasannin sabulu: kamfanonin sabulu irin Procter & Gamble ne suke ɗaukar nauyinsu, don matan gida su ji talla suna cikin wanke-wanke. Da matan suka fita aiki, masu kallo suka ragu. Waɗanda suka rage a gida da rana su ne irin Kaka, da irina da ake biya mu zauna da su.

Magariba a nan sai kusan takwas da rabi yanzu. Na shiga ɗaki na yi salla, ina jiyo ta tana yi wa talabijin faɗa.

Abin da ya fi taɓa ni a daren shi ne Dick Van Dyke. Tsoho ne mai shekara 98, ya ci kyautar baƙon ɗan wasa saboda fitowar da ya yi a Days of Our Lives, kuma kafin wannan daren ba a taɓa samun wanda ya karɓi wannan kyauta da shekaru kamar nasa ba. Zauren duka ya miƙe. Kaka ta dafa sandarta za ta miƙe ita ma, na riƙe ta da sauri, don in ta faɗi ni za a tambaya. Ta ce, "Ya girme ni da shekara goma sha biyu, dube shi." Lissafin daidai, ba ko gargada. Matar da ɗazu ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu.

Daga nan ta shiga labarin Susan Lucci, 'yar wasan All My Children, wanda na ji ya fi sau goma. Sau 18 ana sa sunanta a takara ana kayar da ita, sai a karo na 19, a 1999, ta ci. Kaka ta ce a daren nan ta yi kuka har mijinta ya fito da gudu ya zaci rasuwa aka yi. Na bar ta ta kai ƙarshe, ban ce na sani ba.

Da aka kira Michelle Stafford a matsayin gwarzuwar 'yar wasa kuwa, sai ta kawar da kai. Ita ce ke fitowa a Phyllis a The Young and the Restless, Kaka kuma ba ta yafe wa Phyllis ba. Na ce ai wasa ne, iya shi ta yi shi ya sa kike jin haushinta. Ta ce makira makira ce ko an ba ta zinare. Na yi dariya har da hawaye, don haka Innarmu take tsine wa mugayen fim ɗin Hausa, in ta ga ɗan wasan a wani fim ya zama malami ta ce ƙarya yake.

General Hospital ne ya ɗauki babbar kyautar wasan kwaikwayo. Tun 1963 ake yin sa, kuma Kaka na cikin mutum miliyan 30 da suka kalli auren Luke da Laura a cikin wasan a 1981. Ta ce ranar ƙaryar ciwon kai ta yi a wurin aiki. Amma lokacin da aka sanar, barci ya riga ya sace ta, kai a gefe, ɗan kunne ɗaya ya faɗo kan kafaɗa.

Na tashe ta a hankali, na goge mata jan bakin, na kai ta gado. Ta riƙe hannuna ta ce wa ya ci. Na gaya mata. Ta yi murmushi, ta ce ko ta sha maganinta. Na ce ta sha.

Gobe da safe in tura wa Baba kuɗin, in ji ko raguna sun sauko a kasuwa.