Jika guda a cikin jika hamsin

Gyaran salula nake yi a kusa da babbar kasuwar Maradi, kuma yawancin gilashin waya da bakin caji da nake sawa daga AliExpress, wani kantin intanet na China, nake sayo su. Shi ya sa samari ke yawan tare ni da tambaya, wai da gaske akwai shafukan da ke mayar wa mutum wani abu daga kuɗinsa in ya yi sayayya?

Da gaske ne. Akwai iGraal na Faransa, da TopCashback na Ingila, da Rakuten, wanda a da sunansa Ebates kafin wani kamfanin Japan ya saye shi a 2014. Amma ba sadaka suke yi ba. Kamar dillalin kara ne da ya kai ka wurin mai rago: mai kaya ya ba shi la'ada, shi kuma ya ɗan yaga maka don gobe ka sake biyowa ta hannunsa. Dole ta shafinsu za ka shiga kantin, ka gama sayen a wannan zaman. In ka fita ka buɗe manhajar kantin daban, ko ka sa lambar rangwamen da ka tsinto a wani wuri, sau da yawa la'adar ta bi ruwa. Ko ta shigo ma sai an jira lokacin mayar da kaya ya wuce, sannan sai ta taru ta kai wani adadi kafin a bari ka cire.

Mu yi lissafi. A ce kashi 2 cikin 100 aka ba ka, ka sayi kayan jika hamsin na sefa. Jika guda ke nan. Kuɗi ne, ban raina ba, amma cajin katin banki da kuɗin kawo kaya har Maradi sukan haɗiye shi tun bai iso ba.

Ni inda nake ganin sauƙi na gaske wani wuri ne daban. Sefa ɗaure take da yuro, 655.957 a kowane yuro, ba ta motsi, dalar Amurka kuwa yau sama gobe ƙasa. Don haka na mayar da farashin shafin AliExpress zuwa yuro, in na ga kaya nan take na san nawa ne a aljihuna. Sannan mu uku masu rumfa muke haɗa odarmu, mu jira rangwamen da kantin ke yi ranar 11 ga Nuwamba. Tun Oktoba nake rubuta farashi a bayan littafin bashi, saboda wasu 'yan kasuwar sukan ɗaga kuɗi tukuna su dawo su ce sun rage.

Waɗanda ke ba ni haushi su ne masu yawo a WhatsApp: kalli bidiyo a biya ka, amma fara turo jika biyar a buɗe maka asusu, ka kawo mutum uku. Wani yaron maƙwabta ya zo zai ranci kuɗi a wurina don irin wannan. Na ce masa, “Ƙanena, wane kaya suke sayarwa da za su samu abin ba ka?” Ya duba, ya sake dubawa, babu ko allura a shafin. Na hana shi rancen, kuɗin forfen intanet na kwana guda kawai na ba shi.