Sai an gama zagaye ake zuwa wurinmu

Shekara shida ke nan ina aiki da masu taɓin hankali da masu shaye-shaye, a nan Sudan, da farko a Wad Madani, yanzu kuma a Gadarif, tun da yaƙi ya tashe mu a watan Disamba na 2023. Ni ba likita ba ce. Aikina karɓar majinyaci, zama da iyalinsa, bin sawu har gida idan an daina ganinsa, sai kuma tafinta, domin tsofaffinmu da yawa suna cinikinsu da Larabci tsaf, amma abin da ke cin ransu da Hausa kawai yake fita.

Na daɗe ban yarda da abin da idona ke gani ba: babu wanda ke fara zuwa wurinmu. Kafin a kawo mana yaro ya sha rubutu, an yi masa tofi, an turara masa bakhra, wato takardar ayoyi da ake ƙonawa, an kai shi masid, wato zawiyya, wajen shehi ya yi wata biyu ko uku. Wani lokacin ma mata sun yi masa zar a ɓoye, kuma duk wanda ya san bori ba sai an yi masa dogon bayanin zar ba. An sayar da akuya, an ci bashi. Da ina sabuwa, da takardar makaranta a kaina, faɗa nake yi. Wata tsohuwa ta kawo ɗanta da tabon mari a ƙafafunsa, kafin ta zauna na ce, "Inna, me ya hana ku zuwa sai yanzu?" Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, da kin san inda ƙafafun nan suka taka, da sannu kika fara yi mini." Ba ta sake dawowa ba, ɗan ma haka.

Abin kunyar shi ne darasin yana cikin karatunmu, ni ce ban ɗauka ba. Dakta Tijani al-Mahi, wanda aka haifa a 1911 ya rasu a 1970, shi ne likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Sudan, kuma sunansa ne a kan asibitin masu taɓin hankali na Omdurman. Bai ɗauki shehunai abokan gaba ba. Ya zauna da su, ya nazarci zar, ya gane mutane ba za su bar wanda suka amince da shi don farar riga ba. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci, amma sai da tsohuwar nan ta juya mini baya na fahimce shi.

Yanzu akwai wani malami a unguwar Hausawa da muke aiki tare. Ranar da na fara zuwa zaurensa na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ba rubutu na zo hanawa ba. Abu biyu nake roƙo, a cire mari, a ajiye bulala." Bai amsa ranar ba. Bayan kusan wata guda ya aiko mini saurayi da saƙon cewa wannan ba iska ba ce, ƙwaya ce. Kuma ya yi gaskiya. Mai shan ais, wato wani kayan maye mai kama da ƙanƙara, yakan kwana uku ido biyu, ya riƙa zargin kowa na binsa, ya ji muryoyi, iyaye su rantse aljanu ne. Idan Malam ya ce a sha ƙwayar asibiti tare da rubutun, sha ake yi. Ni in na faɗa, sai an yi shawara.

Tiramadol kuwa labarinsa daban. Yawancin waɗanda na gani ba 'yan iska ba ne, 'yan ƙodago ne. Lokacin yankan riɗi ba a jira, in ya bushe a tsaye zubewa yake yi, sai yaro ya haɗiyi ƙwaya don ya kai yamma bai ji bayansa ba. Ɗaya ta koma huɗu. Ranar da ya rasa, sai hamma, gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace. In kuma ya zarce ƙima, ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Uban da bai san wannan ba zai ce taurin kai ne, ya kulle shi a ɗaki. Na koyi in bayyana wa uba kwanakin wahalar nan tun kafin su zo, kuma in gaya masa komawa sha bayan an bari abu ne da ke faruwa, ba dalilin korar yaro daga gida ba ne.

Haka ma maganinmu. Wasu ƙwayoyin taɓin hankali suna sandarar da wuya, su sa hannu rawa, yawu ya riƙa zuba. In ba a faɗa tun farko ba, uwa za ta ce asibiti ya ƙara wa ɗanta ciwo, ta watsar da su. Maganin baƙin ciki mai tsanani kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa. Saboda haka ban cika miƙa magani ga majinyaci ba. Ina neman wadda za ta ƙulle shi a bakin zane ta riƙa ƙirgawa, kuma kusan kullum uwa ce, ko mata, ko babbar ya. Ita ma nakan tambaye ta ko tana samun barci. Wasu a nan suke fashewa da kuka.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsinke duk wannan. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa a Khartum suke, kuma can wutar ta fara. Mutanen da suka yi shekaru lafiya lau a kan allurar wata-wata suka iso mana ba takarda, ba sunan magani, ciwo ya dawo sabo. Shi ya sa yanzu kowa na rubuta masa sunan maganinsa da adadinsa a ƙaramar takarda, in naɗe a leda. Makon jiya wata mata daga Mai Wurno ta zaro tata daga cikin layar da ke wuyan ɗanta. Ta ce a nan ne kawai ta tabbata ba za ta ɓata ba.